Duk shekara muna dasa itatuwa a makaranta, duk shekara suna mutuwa: ina gizo ke saƙar?

Tambaya: Ni daraktan wata makarantar firamare ne a wani ƙauye cikin jihar Tawa. Kowace damina wata ƙungiya takan kawo mana dashen itatuwa masu yawa, mu dasa a filin makaranta, a ɗauki hoto, a watse. Kafin wata damina ta zagayo da wuya ka samu ko kaɗan da rai. Yaranmu sun haddace waƙar yaƙi da hamada, amma su ne kuma ke karya rassan. Me ya kamata mu gyara, kuma yaya za a yi yaran su ɗauki abin da muhimmanci?

Amsa: Malam Darakta, Allah ya saka maka da alheri da mutuwar itatuwan ta dame ka, don wasu hoton kaɗai ya ishe su. Kafin ka ga laifin yara ko na awaki, ɗauko kalandar makaranta ka ajiye ta kusa da ta damina. Tun 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka haɗa ranar 3 ga Agusta da dashen itatuwa a Nijar, kuma ta fuskar ruwa lokacin ya dace, ƙasa ta jiƙu, damina ta zauna. Sai dai ranar 3 ga Agusta makarantarka a rufe take. Yara suna gona tare da iyayensu tun ƙarshen Yuni, malamai sun koma garuruwansu, ba mai dawowa sai Oktoba. Za ka ce ai da damina ana ɗaure dabbobi saboda shuka. Haka ne, amma filin makaranta ba gonar kowa ba ce, nan ake kafa turken tumaki da jakuna, nan samari ke buga ƙwallo da yamma. Dashen da ya tsallake wannan, da an gama girbi an saki dabbobi, ciyawa ta bushe, ganyensa ne kaɗai kore a gari. Wanda ya tsira daga bakin akuya kuma yana da wata takwas ko tara a gabansa ba ɗigon ruwan sama, a yankin da ruwan shekara gaba ɗaya bai cika wuce milimita 400 ba, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Ranar dashe ita ce rana mafi sauƙi a rayuwar itace, kuma ita kaɗai aka yi wa tanadi.

Don haka abin da zan fara ce maka shi ne ka rage yawa, ka rage sosai. Lissafin daga ruwa ake fara shi. A ranin farko, ɗan itace yana son kamar rabin bido, wato lita goma ko sama da haka kaɗan, sau biyu a mako. Bido ɗaya ke nan a mako ga kowane icce. Ashirin, bido ashirin. Ɗari biyu, bido ɗari biyu duk mako har ruwa ya sauka. Ka ba 'yan CM2, wato aji shida, wannan lissafi a allo, su da kansu za su faɗa maka nawa makarantarku za ta iya riƙewa. In famfo yana cikin makaranta, talatin ba su yi yawa ba. In daga rijiyar gari ake jawowa, goma ko sha biyar sun isa a shekarar farko. Goma da suka rayu sun ba da inuwa sun fi ɗari biyu da suka zama tsinke, kuma yaron da ya ga dashensa ya mutu sau biyu ya riga ya koyi darasi, sai dai ba wanda kake so ba: ya koyi cewa abin wasan manya ne.

A kan ban ruwa akwai abu biyu da nake jan kunnen malamai a kai. Kada ya zama horo. Ranar da aka ce wanda ya makara shi zai ɗebo ruwan itatuwa, ranar aka ƙulla gaba tsakanin yaro da icce. Sannan ka duba da idonka wa ke ɗaukar bidon, don in aka bar abin ya tafi yadda ya saba, 'yan mata ne za su ƙare da shi, su da suka riga suka yi ɗiban ruwan gida kafin su zo aji. A raba daidai. Wajen zubawa kuma, yayyafi kullum ɓarna ce, saiwa takan tsaya sama tana jiran na gobe. A zuba da yawa lokaci guda, da yamma, cikin ɗan kwarin da aka yi a gindin, ruwan ya nutse, saiwa ta bi shi ƙasa. Inda ruwa ke wuya ƙwarai, a binne tsohon tulu kusa da gindin, bakinsa kaɗai a waje, a cika shi a rufe, zai riƙa tsattsafowa a hankali cikin ƙasa inda rana ba ta kai.

Shinge kuwa kafin dashe ake yin sa. In babu kariya a ƙasa, kada a fito da ɗan itace daga leda. Akuya tana miƙewa kan ƙafafun baya, saboda haka duk abin da bai wuce mita ɗaya ba, ado ne. Wanda na fi yarda da shi a ƙauye shi ne kewayen tubalin laka da aka jera da ramuka tsakani don iska ta ratsa, domin ba wanda zai sace shi, kuma iyaye sun iya yin sa. Ragar waya tana da kyau in an kafa ta da ƙarfe da siminti, in ba haka ba za ka tsince ta a kejin kajin wani. Ƙaya tana aiki, amma a yi hattara kada a sare magarya uku a daji don a kare dashe ɗaya a makaranta. Rassan da aka rage wajen gyaran gona su za a tara. Kariyar nan sai ta shekara biyu ko uku, har kan itacen ya fi ƙarfin bakin dabba. In ƙungiyar ta sake zuwa, ka roƙe su a musanya: a rage dashen, kuɗin da ya saura a sa a shinge da bidoni da baro. Masu hankali cikinsu za su yarda.

Game da irin da za a dasa, bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, shi ne sarkin inuwa a garuruwanmu, kodayake asalinsa daga Indiya yake. Yana jure fari, yana saurin girma, ɗacinsa kuma yana ɗan rage masa barnar dabbobi. A nisanta shi da bangon aji da masai, mita biyar ko fiye, saboda saiwarsa. Itacen turare ban ba ka shawara ba, shan ruwansa ya yi yawa ga fili irin naku. Mangwaro da gwaiba sai inda famfo yake ba ya yankewa. Sauran gurbin a ba na gida: aduwa, magarya, bagaruwa, dakwara, kuka, gawo. Suna da nawa wajen tashi, amma da sun kama ƙasa sun daina neman kowa. Akwai magaryar da aka yi wa aure mai manyan 'ya'ya, wadda cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa; in ka same ta wurin masu renon itatuwa, ka sa ko biyu, yara suna matuƙar son ta. Kuma lallai a sa zogale. Cikin 'yan watanni ya wuce tsawon yaro, an fara tsinkar ganye ana kwaɗo. Ɗan shekara tara ba ya iya jiran inuwar shekara goma, yana bukatar abin da zai gani kafin a rufe makaranta.

Yanzu ga inda nake ganin maganin tambayarka ta biyu yake. Dashen da mota ta sauke, na mai mota ne. Ku yi wurin renon naku a makaranta, ko da leda ɗari ce a gindin bango inda akwai 'yar inuwa. Wannan aiki ya faɗo daidai cikin shekarar karatu. Da sanyi da farkon bazara, lokacin da 'ya'yan gawo da na bagaruwa ke zuba, yara su tsinto iri, kowa ya faɗi gindin da ya samo. A Maris ko Afrilu a cika leda da rairayi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a huda ƙasanta. Takin ya zama wanda ya ruɓe sarai, ɗanye yana ƙona saiwa yana kiran gara. Irin gawo da bagaruwa da kuka ɓawonsu tauri gare shi, in ka shuka haka nan sai ka yi ta jira. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba a kan irin, a bar shi ya kwana a ciki, washegari a shuka waɗanda suka kumbura. Ko a ɗan kankare gefen ƙwayar a kan dutse. Ka sa yara su raba iri gida uku: wanda aka jiƙa, wanda ba a taɓa ba, da wanda aka tsinto cikin kashin awaki a garke. Su rubuta ranar da kowanne ya tsiro. Da sun ga na cikin kashin awaki ya riga wanda ba a taɓa ba fitowa, sun gane da kansu yadda dabba ke shuka daji, ba sai ka yi dogon bayani ba. Irin bedi shi ba ya ajiyuwa, makonni kaɗan ya mutu, sai a shuka shi da ɗanyensa. Zogale ba ya bukatar komai, mako ɗaya zuwa biyu ya fito. Duk bayan mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa, ranar ɗauka ta tsinke.

Kafin a rufe makaranta a Yuni dashen ya kai wata uku, ya isa fita. A nan ne za ka zauna da kwamitin gudanar da makaranta, wato COGES, da ƙungiyar iyaye mata, da mai gari, da liman. Na filin makaranta, waɗancan goma ko ashirin, a damƙa kowanne a hannun wani gida da ke maƙwabtaka da makarantar, a faɗi sunan gidan a gaban jama'a. Sauran yara su tafi da su gida, su dasa a tsakar gida kusa da wurin alwala ko wanke-wanke, inda ruwa ke zuba kullum ba tare da an ɗebo don shi ba. Ka lura, waɗannan na gida su ne suka fi rayuwa a ko'ina. Liman kuma ba sai ka koya masa abin faɗa ba, ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Ranar dashe a haƙa rami kamu biyu faɗi da zurfi, a yanke gindin ledar a cire ta gaba ɗaya, a dasa da yamma bayan ruwa mai ƙarfi. In filin faƙo ne, a yi masa rami mai siffar rabin wata a gefen gangare don ya tare ruwan da ke gudu.

Ita waƙar hamada a bar su su yi, ba ta ɓata komai. Amma kai da ke jihar Tawa kana zaune a tsakiyar abin da mutane ke tasowa daga ƙasashen waje su zo gani, kuma yawancin yaranmu ba su san labarin ba. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan bedi bibbiyu, tsakanin layi da layi kamar mita ɗari, tare da ƙungiyar CARE, don karya iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. A Keita, daga 1984, da tallafin Italiya da hukumar FAO, aka farfaɗo da tsaunuka da faƙo da gine-ginen duwatsu da ramuka da miliyoyin itatuwa, kuma mafi yawan masu aikin mata ne, don maza sun tafi cin rani. Ba mamaki kakar wani ɗalibinka ta ɗauki dutse a kanta a wurin. A 1989 wasu manoman yankin Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga ramukan da ake zuba wa taki a shuka hatsi a faƙo, suka dawo suka inganta tassa, wato irin waɗannan ramuka na gida, har filayen da aka yi watsi da su suka koma ana saye da sayarwa. In akwai hali, ka kai 'yan CM, wato aji biyar da shida, su ga ɗaya daga cikin waɗannan wurare, gani ya kori ji. In babu, ka gayyato tsohon da ya yi aikin ya zauna a aji su yi masa tambayoyi.

Mafi girman darasin kuwa daga Maraɗi ya fito, kuma ya shafi matsalarka kai tsaye. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashe, yawanci ya mutu kamar naku. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da manoma a can, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa duk shekara a gona kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa da ƙarfinta. Maimakon a sare duka a ƙone, sai a zaɓi rassa mafi ƙarfi, biyu zuwa biyar, a rage sauran, a bar su su tashi. Shi ne sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa da wannan hanya aka maido da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba leda, ba ban ruwa. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina da ya shahara da waɗancan ramuka. Ka zagaya bayan azuzuwanku, na tabbata akwai kututturen sabara ko kalgo ko magarya da ake tattakewa. Ka ɗauki wuƙa mai kaifi, ka nuna wa yara yadda ake yankan reshe daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, a ɗaura jan ƙyalle a kan waɗanda aka bari don kowa ya san da mai su. Cikin shekara guda za su wuce dashen leda tsawo. Yaron da ya iya wannan zai yi shi a gonar babansa, kuma can ne ainihin inda ake bukatar itatuwan.

Akwai dalilin da ya sa manoma a da ba sa barin icce a gona. Doka ta ɗauki itatuwa a matsayin na hukuma, mutum ya rena gawo a gonarsa, ranar da ya sari reshe ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Da aka sassauta, aka zo da dokar gandun daji ta 2004, sannan dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena, sai mutane suka ƙara himma. Yaro ma haka yake. Kowane icce a ba shi masu shi, yara uku ko huɗu, a rubuta sunayensu a jikin shingen. A fara da 'yan CE2, wato aji huɗu, don har da ajin da suke ciki suna da sauran shekara uku a makarantar, za su ga abin ya girma a hannunsu, in za su fita su miƙa wa ƙannensu. Ganyen zogale da 'ya'yan magarya na masu renon ne, kada malami ya tsinka ya kai gidansa. Rassan da kake kukan ana karyawa, masu su ne za su tsare maka su.

Ba sai an ƙirƙiro sabon darasi ba. A shekarun 1990 shirin PFIE na CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, ya shigar da ilimin muhalli a makarantun firamare na ƙasashen Sahel, kuma abin da ya fi tasiri a cikinsa shi ne cusa batun cikin darussan da ake da su. Awon tsawon dashe duk wata, lissafi ne. A cika kwano biyu da ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya an rufe da karan hatsi, a karkata su a zuba ruwa, a ga wanne ya zubar da jan ruwa, kimiyya ce. A tura yara su tambayi kakanninsu sunayen itatuwan da ke kewaye da garin kafin farin 1973 da na 1984, da waɗanda suka ɓace, da abin da ake yi da kowanne, tarihi ne da rubutu. Da kaka a kai su gindin gawo su kwatanta zangarniyar hatsin da ke ƙarƙashinsa da ta nesa, su tambayi kansu me ya sa icce ɗaya ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Abin da kawai zan hana shi ne a koya wa yaro cewa mai saran icce mugu ne. Uwarsa da icce take dafa masa tuwo, ba ta da wani. A nuna masa murhu mai tsimin itace, a auna da shi yawan iccen da murhun duwatsu uku ke ci a dafa tukunya ɗaya, ya kai labarin gida.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ka tabbata iyakar filin makarantar a rubuce take a ofishin ƙaramar hukuma. Zoben itatuwan da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965 ba fari ne ya fi cinye shi ba, gine-gine ne. Layin bagaruwa ko dakwara a kan iyaka yana zama shinge, yana zama shaida. Ma'aikacin muhalli na ƙaramar hukumarku shi ne mutumin da za ka nema a kan wannan da kuma iri, kuma tunda jihar Tawa tana cikin yankin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, ka tambaye shi ko akwai wani aiki nata kusa da ku da makaranta za ta iya shiga.

Ƙidaya kuma a daina yin ta ranar dashe. A buɗe littafi, kowane icce da lambarsa da irinsa da masu shi, a ƙirga a Oktoba da aka dawo, a sake a Janairu, a yi ta ƙarshe a ƙarshen Mayu. Adadin Mayu shi za ka ba ƙungiyar da sufeto. Wanda ya mutu kada a tuge a yar, a tono shi a gaban yara a duba. In an tarar da leda a naɗe da saiwa, laifin masu dashe ne. In saiwar ta murɗe kamar gammo, ya daɗe a leda fiye da kima kafin a kawo muku, sai ku faɗa wa masu kawowa. In ɓawon gindin a cinye yake da ƙasa-ƙasa a jiki, gara ce, a zuba toka a ramin kafin a maye gurbinsa kuma a janye karan da aka rufe gindin da shi daga jikin itacen. In an gwaigwaye shi daga sama, shingen za a ƙara wa tsawo. In kuwa ya bushe a tsaye ba tabo ko ɗaya, a buɗe littafin a ga makon da aka tsallake ban ruwa, yawanci za ka same shi a hutun ƙarshen Maris, sai a sa wanda zai riƙe bidon a wannan hutun tun kafin a tashi.